Abin da Na Jawo wa Maradun a Bayan Raga

Har ta girma ban taɓa kiran sunan ɗiyata ta fari ba. Ni ma ta fari ce, uwata ba ta kira nawa ba har ta koma ga Allah. Haka muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. In ya faɗi, ki ɗauke kai, wata ta ɗaga shi. Kunya ce. Mu ba mu taɓa ganin abin tambaya a cikinta ba.

Da aka yaye ta, uwar mijina ta ɗauke ta zuwa cikin garin Maradun. Mu muna ƙauye. Bayanta na haifi maza biyu, ƙyanda ta ɗauki ɗaya, zazzaɓi ya ɗauki ɗaya. Sai auta, mace. Daga baya mutanen daji suka shigo ƙauyenmu wata safiya. Mijina bai fita ba. Ni na fita da auta da zanen da ke jikina. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Na zauna a Talata Mafara, na kama turara shinkafa. Mu karɓo shanshera, shinkafa da ƙaiƙayinta, daga manoman Bakolori, mu jiƙa, mu turara a durom, mu shanya, mu kai inji. Ni da ƙawata muke yi. Mace ce mai jiki da murya. In ta yi dariya a tsakar gidanmu, na rantse kaji na firgita har can ƙauyen Garbadu.

Babbar ta ci gaba da zama wurin tsohuwa. Ba a karɓe riƙo daga hannun kaka. Da salla takan zo, ta gaishe ni, in amsa ina kallon murhu. Kakarta take kira Inna. Ni kuwa "Innar auta" take ce mani. In zan yi maganarta, sai in ce "ta Maradun". In da ita nake, sai in ce "ke".

Ƙwallon kuwa malamai mata na makarantun 'yan mata suka kawo ta, na Mafara da na Bakura da na Maradun. An sha magana kafin a yarda. Daga ƙarshe aka ce to, amma da dogon wando, da riga mai dogon hannu, da ɗan hijabi, a cikin katanga, kuma namiji ba ya shiga. Auta ta shiga, aka sa ta a gaba. Daga baya na ji wai ta Maradun ma ta shiga, ita ce mai tsaron raga. Gola suke cewa.

A gidana na san ƙwallo, kuma ban san ta da alheri ba. Auta ta mayar da turmi da durom ɗin turara su ne raga. Ta fasa mani tulu. Ta watsar mani da shanya. Na sha kulle ƙwallon a ɗakin buhuna, ta sha fito da ita. Abu ɗaya na lura da shi. Duk kwane-kwanen da za ta yi, da duk kallon da za ta yi wa durom, gefen turmi take bugawa. Kullum. Har na mayar da tabarmata gefen durom, ina tsintar shinkafa hankali kwance tana ta harbi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa samuna ba.

Da bazara tsohuwa ta rasu. Bayan an share makoki aka zo kan maganar yarinya. Gwaggonta, ƙanwar mijina, ta ce wurinta za ta zauna a Maradun. Baffanta ya ce yarinya ta girma, in ta gama jarrabawar fita makaranta ta zaɓa da kanta. Na dawo gida na kwashe buhunan da ke ƙaramin ɗaki, na sa aka toshe inda yake yoyo, na shafe bangon da farar ƙasa. Sannan na ce wa auta, "In kun haɗu da waccan, ki ce akwai ɗaki."

Auta ta dawo da amsa. Ta tsaya tana sosa ƙeya.

"Faɗi," na ce.

"Ta ce wadda ba ta san sunanta ba, mi za ta yi a gidanta?"

"Yaran zamani," na ce. Na ci gaba da sheƙar shinkafa. Ƙaiƙayi ya shiga mani ido, na daɗe ina murzawa.

Da damina ta kama, wata rana auta ta shigo da tsalle, wai za su buga sufa kof da Maradun.

"Ba kun gama ba? Ba kin ce kun ci ba?"

"Lig muka ci, Inna. Su kuma suka ci kofi."

"Ku ba kofi aka ba ku ba?"

"Kofi ne, amma na lig."

Ta zauna ta yi mani bayani. Lig kowa na karawa da kowa, a tara maki, wanda ya fi tarawa shi ya ci. Na ce wannan noma ne. Kofi kuwa in aka ka da ke sau ɗaya, kin fita. Na ce wannan kokawa ce.

"To ku wa ya ka da ku a kokawar?"

"Bakura."

"Ashe Bakura ta fi ku."

"A'a, Inna! Bakura ce ta ƙarshe a lig."

"To ita Bakurar ina take a wanga wasa?"

"Filinsu za mu buga. Don kada a ce an yi a gidan wani."

Wato mai noma da mai kokawa za su haɗu a gidan wanda ya ka da ɗaya, a ga wanda ya fi. Na ce Allah ya kyauta, mutane ba su da aiki. Auta ta ce duk haɗuwar da suka yi da Maradun ba ta taɓa zura wa yayarta ko ɗaya ba, wannan karon sai ta ci ta. Na ce ta wanke mani durom tukuna.

Ƙawata ce ta matsa sai na je. Matan unguwarmu sun ɗauki shatar mota. Na ce ni dai shinkafar Bakura zan je gani. Ta ce, "Awo. Ita ce aka shuka a filin makaranta."

Da safe aka sa wasan, don mutanen Maradun su koma gida da rana tsaka. Kowa ya san hanyar. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. A ƙofar makarantar maza suka tsaya, direbobi da iyaye da 'yan kallon da ba a gayyata ba. Namiji ɗaya ne a ciki, maigadi, dattijo mai farin gemu. Ya ajiye kujerarsa ya juya wa fili baya, yana kallon ƙofa da carbi a hannu. Haka ya zauna har aka tashi. Sai dai duk wadda ta gifta sai ya ce, "Ɗiyata, nawa da nawa?"

Ban yi nisa ba na yi kiciɓis da gwaggon yara. Ta zo da rundunarta, har da mai ƙwarya da mai shantu. Tsakanina da ita akwai wasa, na matar wa da ƙanwar miji. Tun rasuwar tsohuwa wasan ya yi kaifi.

"Matarmu! Ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina ruwa?"

"Ya yi gyara."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Madalla. To yau ina za ki zauna? Kina da ɗiya nan, kina da ɗiya can. Au, na manta, ɗaya gare ki. Ɗayar tamu ce."

"Inda inuwa take zan zauna."

"Ki zauna da kyau. Yau autarki za ta sha kuka."

'Yan Mafara suka jeru a gefe ɗaya, 'yan Maradun a ɗayan. 'Yan Bakura suka rarrabu suna sayar da gyaɗa da rake ga kowa. Ni na tsaya na ga inda ta Maradun ta nufa. Tana sanye da riga ruwan ɗorawa da safar hannu manya kamar na mai ɗaukar tukunya daga wuta. Ta nufi ragar gabas. Sai na ja ƙawata muka tafi bayan ragar yamma, ƙarƙashin wani dogon yaro. Duk faɗin filin na tsakanina da ita. Na shimfiɗa ɗankwali na zauna.

Aka hura usur.

Ba zan ce na fahimci komai ba. Yara na gudu su koma, su sake gudu su dawo. Wata malama mai ƙiba ce alƙaliya, tana bin su a baya tana haki, usur a baki. Amma na ga Mafara ta fi su. Ƙwallo ta tare a can gabas ta ƙi dawowa. Golarmu har ta jingina da ƙarfe tana hira da mu, ta tambayi ƙawata ko da sauran rake.

To kowa gabas yake kallo. Ni ma na kalla. Ba wanda zai ce ga abin da nake kallo. Tunda na haife ta ban taɓa samun wannan dama ba.

Auta ta harba, ta kama. Wata doguwa ta sa kai, ta ture. Aka bugo daga kwana, ta yi sama ta fi kowa, ta sauko da ita a ƙirji. Wata ta faɗi a gabanta, ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata laka, sannan ta daka wa masu tsaron bayanta tsawa har muna ji daga inda muke.

Ƙawata ta miƙe tsaye. "Kai! Wagga gola ba mutum ba ce! Ɗiyar wace mayya ce?"

Matan da ke kusa suka juyo kaina. Ta dube ni.

"Au," ta ce. Ta zauna.

"Ba ni rake," na ce.

Aka je hutu ba wanda ya ci. Yara suka sha ruwa, malamansu na ta nuna masu ƙasa da sama da hannu. Na ce a raina abin bai yi wuya ba, haka zan zauna har a tashi.

Ba wanda ya gaya mani ana canja gida.

Ina cikin ɓare rake na ɗaga kai. Golarmu ta tattara kayanta ta yi gabas. Ga riga ruwan ɗorawa ta taho, tiryan-tiryan, ta ratso fili, ta nufo ni. Na yunƙura zan tashi. Ƙawata ta danne mani gefen zane da cinyarta.

"Ɗaga."

"In kika tashi yanzu kowa sai ya gani. Zauna."

Gaskiya ta faɗa. Na zauna.

Ta iso. Ta ajiye gorar ruwanta a gindin ƙarfen raga. Sannan ta gan ni. Tsohuwa ta yi mata tarbiyya, ban da abin cewa. Ta zagayo ta durƙusa da safar hannunta.

"Innar auta, ina kwana."

"Lafiya," na ce wa bishiyar.

"An zo lafiya?"

"Lafiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Ta ɗan jira. Ta gaida ƙawata, suka yi ta, har da tambayar makaranta da jarrabawa da sa albarka, ƙawata na kiran sunan nan sau biyu sau uku kamar tana tauna shi don in ji. Aka hura usur, ta koma raga.

Yanzu bayanta na gabana. In na miƙa sanda sai in taɓa ta. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Da sauran rabin na ga abubuwa. Akwai tabo a diddigenta, ban san lokacin da ta ji ciwon ba. Tana tsayawa ƙafa a buɗe, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Haka ubanta yake tsayawa a bakin gona in yana kallon hadari. In ƙwallo ta yi nisa, sai ta riƙa magana ita kaɗai a hankali. Addu'a ce ko zagi, ban ji ba.

Mafara ta sake taso masu, yanzu a kan idona. Sai a lokacin na san ƙwallon nan da nauyi. Na ji ƙararta a hannun yarinyar, na ji ta a cikinta. Sau ɗaya wata ta taka mata yatsu. Ta yarfe hannu, ta miƙe. Na ɗauke kai. Abin da aka koya mani ke nan, kuma na iya.

Can gefe gwaggo na ta kiɗan ƙwarya da mutanenta suna yi mata kirari, ɗiyar gwaggo, ƙofar Maradun. Ni ina tauna rake.

Wasa ya zo ƙarshe, har alƙaliya ta fara duba agogo. Aka bugo wata ƙwallo sama. Wata 'yar Maradun, ƙarama, ta ga abu ya nufo fuskarta, sai ta sa hannu biyu ta cafke, kamar an jefo mata mangwaro. Ta tsaya riƙe da ita tana kallon mutane. Usur. Fenariti.

Ƙawata ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsayen bishiyar.

"Mi aka yi?" na ce.

"Daga ke sai gola! Ba mai tsayawa tsakani. In aka ci, an gama."

Na duba. Auta ce ta ɗauki ƙwallon. Ta goge ta da riga, ta ajiye, ta ja da baya. Duk Mafara ta taso ta cika bayan raga, ana kiran sunan auta da tafi. Gwaggo da mutanenta suna can nesa, an hana su tsallakowa. Yarinya ɗaya a tsaye, mutum ɗari a bayanta, ba mai yi da ita.

Auta ta fara abin nata. Ta kalli wancan gefe, ta sake kallo, ta karkata kafaɗa. Na san wannan kallon. Kallon durom ne. Na juya abin a kaina, na ga inda turmi ya faɗo. Daidai inda gorar ruwa take. Babbar kuwa ta yarda da kallon. Na ga nauyinta ya fara komawa gefen durom.

Ban yi shawara da kowa ba. Ko da zuciyata ban yi ba.

"Ke," na ce.

Ba ta ji ba.

"Ke! Yarinya!"

Wata mai gyaɗa ta waiwayo. "Na nawa, Inna?"

"Ta Maradun!"

Rabin filin 'yan Maradun ne. Ko motsi ba ta yi ba.

Aka hura usur. Auta ta taso.

Sai sunan ya fito. Ban san yana nan kusa haka ba. Ya fito da muryar da nake korar tsuntsaye daga shanya, ya hau kan guɗa da tafi da komai.

Ta juyo. Ba kai kawai ba, duk jikinta. Ta ba ƙwallo baya, ta dube ni, ta ɗan rusuna.

"Na'am?"

A bayanta santsi ya kwashi auta wajen bugu, ta zauna daɓas a laka. Ƙwallon ta taho a hankali, tana mirginawa kamar tsohuwa za ta gidan suna. Da kaza ce a ragar, da ta tare ta. Ta wuce layi, ta ture gora, ta kwanta.

"Gefen gora," na ce.

Ta duba gefen gora. Ta ga ƙwallo. Ta sake dubana.

Abin da ya biyo baya ban ga farkonsa ba, don ƙafata ta bar ƙasa. Ƙawata ce ta sungume ni. Ni da ban taɓa yarda wani ya ɗauke ni ba tun ina goye. Matan Mafara suka kewaye mu. "Inna ta iya! Inna ta san ƙwallo!" Wata ta ce tun farko shiri ne, shi ya sa na zauna a nan. Wata ta ce ta ga ina ƙifta wa auta ido. Ina cewa a sauke ni, ba mai ji.

Gwaggo ta keto fili da ƙwaryarta a hannu, ɗankwali a kafaɗa. Ta tsaya a gaban alƙaliya.

"Ba a ci ba! A sake! Kiranta aka yi!"

Alƙaliya na haki. "Wa ya kira ta?"

"Uwarta!"

"To, Hajiya, babu dokar da ta hana uwa kiran ɗiyarta."

"A wurinku babu! Ɗiyar fari ce!"

Alƙaliya ta cire usur daga baki. Ta dube ni da kyau. Ita ma 'yar ƙasar ce, ta san nauyin maganar. Ta ce, "Inna, da gaske?" Na ja mayafi na rufe baki. Ta girgiza kai, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, amma ƙwallo ta shiga. Ta nuna tsakiyar fili.

Gwaggo ta juyo kaina. "Shekara nawa kina riƙe da sunan nan a baki? Ba ki faɗa ranar suna ba. Ba ki faɗa da ta yi sauka ba. Ba ki faɗa a makokin tsohuwa ba. Sai yau! Sai da aka hura usur! Matarmu, ke muguwa ce."

"Ya kuɓuce," na ce.

"Ya kuɓuce! Ku ji mani. Akuya ce?"

Daga bakin ƙofa maigadi na ta tambaya, bayansa har yanzu a juye. "Wa ya ci? Ku gaya mani, wa ya ci?" Wata ta ce masa wata mata ce ta kira ɗiyarta. Ya ce, "To sai mi?" Ta ce ta fari. Ya ce, "Da suna?" Ta ce da suna, a gaban jama'a. Ya ce, "Subhanallahi," ya ja carbi. Can ya ce, "To wa ya ci?"

Ba a ƙara komai ba aka tashi. Aka miƙa wa Mafara kofin. Na gan shi kusa. Ba nauyi, kuma bakinsa a toshe yake, ko shinkafa ba a iya aunawa da shi.

Auta ta zo da gudu, laka har ƙeya, ta rungume ni. "Inna, kin taimake ni! Wallahi da ta kama."

Yayarta na tsaye a baya, ta cire safar hannu. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

"Ba ke ta taimaka wa ba," ta ce. "Tambaye ta abin da ta ce mani."

Auta ta dube ni. "Mi kika ce?"

Na shiga gyara mayafina.

"Cewa ta yi gefen gora," in ji babbar.

Auta ta kalli raga, ta kalli gorar, ta ɗan yi lissafi. Bakinta ya buɗe. "Inna! Tona mani asiri za ki yi? Ni da nake wanke maki durom?"

"Kin fasa mani tulu."

"Tun bara!"

"Ki koyi buga wa ɗayan gefen."

Babbar ta saki wata 'yar dariya ta hanci, ta haɗiye ta. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Da tun farko kika faɗa, da na kama."

"Na ce ke. Ba ki waiwayo ba."

"Ba sunana ba ne."

Direbansu na ta danna oda a waje, rana ta ɗaga. Ta durƙusa ta ce sai an jima. Ta bi gwaggonta suka shiga mota. Maganar ɗaki ba ta taso ba.

A hanya matan nan suka yi ta yi mani waƙa har Mafara. Labari ya riga mu isa. A bakin inji maza na nuna ni, wai ga matar da ta ci Maradun tana zaune. Tsofaffin unguwa kuwa ba su yi dariya ba. Wata ta zo har gida ta ce ta ji abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba, kamar an yi mani gobara. Na ce amin.

Na jira. Auta ta daina yi mani magana na ɗan lokaci, sai in ta ji yunwa. Ƙawata ta ce mu mayar da buhuna ƙaramin ɗaki, ruwa na taɓa su a rumfa. Na ce a bar su a rumfa.

Wata rana muna shanya, rana ta ɗan fito bayan ruwa, na ji sallama. Gwaggo ce a gaba da ƙunshin kaya a ka. Yarinyar na bayanta da akwati, safar hannun nan a rataye a wuyanta. Muka gaisa da gwaggo, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta dire ƙunshin a kan turmi.

"Ga ta nan. Kin ci mu a fili, kin biyo mu gida kin ci. Na yi magana har na gaji. Ta ce an kira ta, ta amsa, to za ta je ta ji ko da sauran magana."

"Zauna ki sha ruwa."

"Fura zan sha. Da nono. Ba ruwa na zo sha daga Maradun ba."

Na nuna wa yarinyar ɗakin da haɓa. Ta shiga, ta daɗe, ta fito. Akwai farar ƙasa a kafaɗarta. Ta zo ta tsaya inda nake baza shinkafa. Ta sa hannu ta fara bazawa. Ba ta iya ba, tana tara ta wuri ɗaya.

"Inna," ta ce.

Na waiwaya in ga ko auta ce. Auta na makaranta.

"Ki sake faɗa."

"Mi?"

"Kin sani."

"Sau ɗaya na faɗa, gari guda ya yi asara. Ya isa."

"To mi za ki riƙa ce mani? Ke ba na amsawa."

Na duba shanyar. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska ta canja.

"Gola," na ce, "ɗauko buhuna. Ruwa zai sauko."

Gwaggo ta ƙware da fura. Yarinyar ta tsaya jim, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Sannan ta ce na'am, ta tafi rumfa.